Jan Ruwa Ba Ya Hawa Tungarmu

Litinin, 5 ga Agusta, bayan la'asar

Wannan kaye, littafin rubutu, na aiki ne. Babbanmu, Likita Hamidu, ya ba ni shi don in riƙa rubuta tsayin gulbi kullum safe da yamma. Amma shafin yana da faɗi, lambar kuwa ba ta cin ko layi ɗaya, don haka sauran wurin nawa ne. Da Hausa zan rubuta. Duk abin da na rubuta da Faransanci sai ya fito kamar rapor, rahoton aiki, mai jiran sa hannu, Dendancin Inna kuwa bakina ya iya, hannuna bai iya ba.

Yau mun yi taron shirin damina. Takarda ta zo daga Yamai: masu duba yanayi sun ce ruwan bana zai wuce na bara, kowane yanki ya shirya wa zazzaɓi da ciwon ciki kafin su zo. Shiri da me? Tun da sojoji suka karɓi mulki bara aka rufe gadar iyaka, kayanmu suke zagaye duniya kafin su iso Gaya. Abin da ke magaza, ɗakin ajiyarmu, rabin abin da muka nema ne: gidan sauro, ƙwayar tace ruwa, jabel mai kashe ƙwayar cuta, garin gishiri da sukari, ledojin ƙarin ruwa. Jirgi mai inji guda ɗaya tal.

Don haka Likita ya ce a raba garuruwan bakin gulbi layi uku: waɗanda za a kai wa kaya a Agusta, na Oktoba, da na Disamba. Ya miƙo mini bik, alƙalaminsa. "Yakuba, kai ne ɗan gulbi a cikinmu. Raba."

Na raba cikin awa guda, ban ko duba taswira ba. Duk wanda aka haifa a bakin ruwan nan ya san gulbi sau biyu yake cika. Jan ruwa na damina, mai laka da hayaniya, yana cin fadama da garuruwan kwari, ya wuce. Baƙin ruwa kuma sai da sanyi yake isowa daga nesa, a hankali, ba ƙara, shi ne mai hawa tsibirai. Tungar Baure, inda Inna mahaifiyata take da wana Yaya Siddo da gidaje goma sha huɗu, tsibiri ce. Na sa ta a layin Disamba.

Madam Rakiya, anfirmiyarmu, wato nas, ta ɗaga hannu. 'Yar Karakara ce, can tudu.

"Malam Yakuba, wagga tunga tsakiyar ruwa take hwa. Mi ya kai ta Disamba?"

"Madam, ku a garinku ruwan randa kaɗai kunka sani. Jan ruwa ba ya hawa tungarmu. Kakana bai gani ba, ubana bai gani ba."

"Takardar ta ce ruwa ya sake hali."

"Takardar ta taɓa shiga jirgi?"

Kowa ya yi dariya, har Likita. Ita ba ta yi ba, ta rubuta wani abu a gefen takardarta. Ni kuwa na fito ina jin daɗin kaina, don ba mai cewa na fifita gidanmu.

Alhamis, 8 ga Agusta, azahar

Kwana uku a kan moto, wato babur, a ƙauyukan Tanda. Mun koya wa wakilan ƙauye auna jabel da murfin bido, wato jarka, mun shafa jan fenti a bakin rijiyoyin da ruwa zai iya rufewa, mun raba gidan sauro ga masu ciki. Wani tsoho ya riƙe hannuna ya ce sauron yanzu bai san rani ba bai san damina ba, zafin bana kuma ya kwashe musu tsofaffi huɗu a sati guda. Na ce ai shi ya sa muka zo. Ya dube ni kamar na yi masa ba'a.

Gulbi ya ƙaru santi, wato santimita, goma sha biyu. Daidai ne ga wannan wata.

Asabar, 10 ga Agusta, hantsi

Yaya Siddo ya kira. Ya ba Inna wayar. Mun yi magana kaɗan. Ba wani abu ba ne.

Talata, 13 ga Agusta, bayan magariba

Tun asuba ake ruwa, bai ɗauke ba sai yanzu. Katangar maƙwabcinmu ta zauna. Matata Jamila ta share ƙaramin ɗaki ta shimfiɗa tabarma, ta ce, "Baban yara, ka aika a ɗauko Inna mana, ta yi daminar nan a wurinmu."

Na ce Inna ba ta son gari, kwana biyu take yi ta fara cewa ruwan famfo ba shi da ɗanɗano. Gaskiya ne, tana faɗar haka. Jamila ta ce to me kuka tattauna ranar Asabar? Na ce gaisuwa ce.

Santi talatin da ɗaya.

Juma'a, 16 ga Agusta, ƙarfe bakwai na safe

Ruwa ya taɓa rawayan fenti a jikin ma'aunin gulbi. Na daɗe a tsaye a tashar jiragen ruwa ina kallo. Ja ne sosai, kamar an dama kunun dawa, yana tafe da karan gero da rufin rumbu da wata akuya da ta kumbura. Warinsa ma ba wanda na sani ba ne.

Na kira Yaya. Ya ce ruwa ya kai gindin bauren, yara na kama kifi a bayan ɗaki. Yana dariya. Ya ce kwana huɗu ba rana, farantin cajin bai ba da komai, wayar saura ƙiris. Na ce ai yau ko gobe zai fara ja da baya. Ya ce, "Haka Inna ta ce ka ce."

A biro, wato ofishinmu, Madam Rakiya ta tambaye ni lambar yau. Na faɗa mata. Ta ce to. Da ta yi mini gori da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 19 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Jan fentin ma'auni. Ya wuce shi ma.

Tumbin ƙasar da aka yi wa gonakin shinkafa don tare ruwa ya ɓalle a wuri biyu. Mutane na shigowa gari da tabarmi a ka, an buɗe musu lakwal, makarantar boko. Seyni mai tuƙa jirginmu ya tafi garuruwan layin Agusta da kaya, kamar yadda aka tsara. Yadda na tsara.

Na kira sau tara. Matar nan ta cikin waya ce ke amsawa, da Faransancinta mai sanyi, wai ba a samun wanda nake nema, in sake gwadawa an jima.

Talata, 20 ga Agusta, safe

An jima ɗin ya yi. Ita ce dai.

Laraba, 21 ga Agusta, bayan la'asar

Na shiga wurin Likita Hamidu na rufe ƙofa. Na ce ina son jirgi na yini ɗaya. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba. Ya jawo takardar nan ya shimfiɗa a gabana, da rubutuna, da sa hannuna a ƙasa.

"Yakuba, a layin Agusta mutum kusan dubu uku ne, ruwa a cikin ɗakunansu. Tungarku nawa ne?"

"Ba su kai ɗari ba."

"In kai ne ni, mi za ka yi?"

Na dubi sa hannuna a takardar. Ya ce kuma ba wannan kaɗai ba. Gulbin nan iyaka ne, tun rufe gada ba jirgi mai inji da ke wuce shingen sojoji sai da takardar izini, kuma takardarmu sunayen layin Agusta kaɗai ke ciki. Ƙara suna sai an sake nema. Ya ce in rubuta, zai sa hannu yanzu. Na rubuta a tsaye.

Na sauka tasha na nemi mai jirgin hannu. Uku na tambaya, 'yan gulbi ne ukun, sun san ubana. Kowa ya dubi ruwan ya dube ni. Na ƙarshen ya ce, "Ɗan Kadija, zuwa za mu je, igiyar ruwa za ta kai mu. Dawowar ce ban yi maka alkawari ba." Na tsaya ina lissafin yarana uku. Na hau moto na koma biro. Wannan ma ina so ya zauna a rubuce.

Juma'a, 23 ga Agusta, bayan masallaci

An kawo ta farko. Wani masunci ne ya kawo matarsa daga tungar da ke ƙasa da tamu, kwance a cikin jirgi, idanu sun faɗa, fatar hannu in ka ja ba ta komawa. Ba ma faɗin sunan abin. An ce kada a faɗa sai an kai samfuri Yamai an tabbatar. Amma mun kafa tanti a bayan asibiti, mun fito da gadajen nan masu rami a tsakiya, mun ajiye bokiti ƙarƙashin kowanne, na haɗa ruwan jabel kala uku. Wannan ɓangaren shirin ya yi aiki. Kafin la'asar matar ta buɗe ido ta nemi goyonta.

Na ja mijin gefe na tambaye shi Tungar Baure. Ya ce ya gan su daga nesa shekaranjiya. Suna kan rumfuna da cikin jirage. Rijiyar ta nutse, ba a ganin ko bakinta. Bayan gida ma duk sun tafi da ruwa.

Na ce to me suke sha?

Ya nuna mini gulbi da haɓarsa.

Shekara goma sha bakwai ina koya wa mutane abin da ke biyo bayan wannan. Da hotuna nake koyarwa.

Asabar, 24 ga Agusta, azahar

Bakwai a tanti. Na kira sau goma sha huɗu. Na fara gane inda matar take jan numfashi a cikin maganarta.

Lahadi, 25 ga Agusta, bayan la'asar

Madam Rakiya ta kira ni ɗakinta. Ta jawo wani karto, kwali ke nan, daga ƙarƙashin tebur, an rubuta Tungar Baure a jiki da rubutunta. Ledojin ƙarin ruwa goma, allurai, garin gishiri da sukari, ƙwayar tace ruwa. Ta ce tun washegarin taro ta ware, Likita ya sani.

"Don mi ba ki hwaɗa mini ba?"

"Da ka yi mini dariya."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Ta ce in bar wannan, in tashi mu je wurin sojoji mu bi takarda. Muka je. Laftanan da ke shingen saurayi ne, ba mugu ba, idonsa ja don rashin barci. Ya ce takardar ta hau sama, shi ba shi da ikon buɗe ruwa, an ce masu fasa-ƙwauri da waɗanda suka fi su muni na amfani da cikar gulbi. Madam ta ce masa, "Ɗana, uwar wanga bawan Allah na can." Ya cire hularsa ya shafa kai, ya ce zai buga waya da kansa. Gobe ko jibi.

Madam ce ta yi duk maganar.

Litinin, 26 ga Agusta, ƙarfe goma da rabi na safe

Wayata ta yi ƙara ina tsakiyar auna jabel. Lambar Yaya. Hannuna jiƙe, na kusa yar da ita.

"Yakuba. Inna ce. Tun jiya da yamma. Ba ta riƙe komai. Ka zo da ruwan ledan nan."

Na ce a ba ta ruwa, a tafasa, gishiri kaɗan, sukari in akwai, kurɓi-kurɓi, kada a daina ko tana mayarwa. Na yi ta faɗa, na maimaita. Ban san tun yaushe layin ya yanke ba. Da na sake kira matar ce.

Ba su da itace busasshe. Na san haka tun ina faɗa.

Talata, 27 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Takarda ta fito da azahar. Laftanan da kansa ya kawo a kan moto, Allah ya saka masa. Amma Seyni bai dawo da jirgi ba sai la'asar sakaliya, da marasa lafiya biyar a ciki. Na ce a sauke su mu juya. Ya ce awa uku ne zuwa, duhu zai same mu a tsakiyar itatuwan da suka nutse, kuma isansin, wato fetur ɗin, da ya rage sai an ƙaro.

"Malam Yakuba, in munka kihe, wa za shi kai musu kayan?"

Na kama wuyan rigarsa. Ni, da furfurata. Bai ture ni ba, ya tsaya har na saki da kaina. Ya ce da an yi sallar asuba zai tayar da inji.

Karton yana nan kusa da ƙafata. Na buɗe na ƙirga ledojin sau uku, goma ne.

Laraba, 28 ga Agusta, magariba

Mun je. Mun dawo da mutum goma sha ɗaya, shida a kwance. Na ɗaura wa shidan ruwa tun a cikin jirgi, Madam na riƙe ledoji a sama da sandar tuƙi. Duk sun iso da rai.

Ledar da na ware wa Inna a aljihun rigata na mayar da ita magaza.

Alhamis, 29 ga Agusta

Ban je ma'auni ba.

Asabar, 31 ga Agusta, hantsi

Jamila ta ce in ban rubuta ba in yi magana, in ban yi magana ba in ci abinci, in zaɓi ɗaya. Na zaɓi wannan.

Ban gane tungarmu ba. Ni da nake cewa ko ido rufe zan kai jirgi. Seyni ne ya ce ga bauren can, na ce ba shi ba ne, namu dogo ne. Shi ne. Ruwa ya cinye rabinsa. Ɗakunan laka duk sun narke, sai rufin ciyawa na yawo. Mutane a kan rumfunan shanya kifi, wasu a jirage an ɗaure da reshe, da kaji da tukwane. Ba wanda ya ɗaga mana hannu. Kallo kawai.

Ban ga Yaya ba. Na tambaya aka nuna mini gabas. Can sai ga jirginsa yana tahowa daga wajen tudu, shi da maza uku. Akwai fartanya biyu da shebur a cikin jirgin, da tabarmar da aka naɗe ba komai a ciki. Hannuwansa laka har kafaɗa. Ba jar lakar gulbi ba, farar ƙasar tudu.

Ya matso ya kama igiyarmu ya ɗaure. Ya ce, "Sannu da zuwa." Sannan ya nuna mini rumfar da yara biyu suke kwance, ya ce in fara da su.

Na fara da su.

Litinin, 2 ga Satumba, bayan azahar

Mutanen tunga duk suna lakwal yanzu, aji biyu aka ba su. Jirgi ya yi sawu huɗu. Masu zuwa gaisuwar rasuwa kuma suna zuwa gidana, ana shimfiɗa musu tabarma a zaure, ina amsawa. Yaya yana zama a gefena. Yana amsa wa kowa, yana ba ni ruwa in na yi tari. Ko sau ɗaya bai dube ni da wani ido ba. Na fi son ya mare ni.

Matarsa Bibata ce ta faɗa wa Jamila a madafa, ba ta san ina bayan taga ba. Wai tun ranar Juma'a tara ga Agusta Inna ta ɗaure kayanta. Ta ce dorinar ruwa sun bar inda suke kwana, tururuwa na hawa bauren da ƙwansu a baki, kuma ita shekara saba'in tana shan ruwan nan, bai taɓa yin wannan ɗanɗanon ba. Ta bi gida-gida ta ce a tashi a koma tudu, kada a jira sanyi. Gida tara sun yarda. An fara sauke rumbuna. Sai dattawa suka ce shinkafa na gona, kuma ga ɗanta a biron lafiya, su ke da takardun ruwa, a tambaye shi mana.

Ranar Asabar da yamma ta kwance kayanta. Da aka ga ta kwance, kowa ya kwance.

Talata, 3 ga Satumba, safe

Na koma shafin goma ga Agusta. Na rubuta ba wani abu ba ne. Ga abin.

Ta ce, "Lokotoro," wato likita, haka take kirana in tana tsokanata, ko da yake ta san ni mai wanke rijiya ne. Ta ce, "Lokotoro, ruwan nan bai yi mini ba. Ina so mu hau tudu."

Na yi dariya. Na ce, "Inna, a Agusta? Ke kika koya mini jan ruwa ba ya hawa tungarmu."

Ta ce, "Na koya maka. Amma wannan ban san shi ba."

Na ce mu muna da ma'auni, muna da takarda daga Yamai, na zauna da manyan likitoci mun tsara komai, tunga sai Disamba. Na ce kada ta sa mutane su bar shinkafarsu a banza a yi ta yi mata dariya. Takardar Yamai ba haka ta ce ba. Akasin haka ta ce. Na ambace ta ne don in rufe bakin tsohuwa, kuma don in sun tashi, Madam Rakiya za ta ji.

Inna ta ce, "To, tunda kun auna." Ta tambayi yara, ta ce a gaya wa Jamila ta aiko mata da kanwa.

Ba a aika ba. Na manta ban faɗa ba.

Alhamis, 5 ga Satumba, la'asar

Sakamako ya dawo daga Yamai. Yanzu an yarda mu faɗi sunan. Ba na so.

Ni ke cika rapor ɗin mako. Waɗanda suka kamu, waɗanda suka warke, waɗanda suka rasu a tanti: biyu. Likita ya ce an yaba mana, an ce shirinmu ya rage ɓarna ƙwarai, da ba a kafa tanti da wuri ba da abin ya fi haka. Gaskiya ne kuma. Akwai gida a takardar don wanda ya rasu a ƙauye, amma sai ma'aikacin lafiya ya gani da idonsa ko an ɗauki samfuri. Ba wanda ya gani. Na riƙe bik a kan gidan nan har tawada ta yi ɗigo. Madam ta zo ta bayana ta karɓi bik ɗin, ta rubuta ɗaya, ta sa hannunta a gefe.

Asabar, 7 ga Satumba, hantsi

Na kira lambar Yaya, alhali yana zaune a zaurena wayar na aljihunsa a mace. Matar ta ce in sake gwadawa an jima. Na saurara har ta gama.

Talata, 10 ga Satumba, bayan la'asar

Ruwa ya fara sauka. Santi takwas jiya, goma sha ɗaya yau. Ya bar laka a kan komai, da sauro irin wanda ban taɓa gani ba. Tanti ya ragu, ɗakin yara masu zazzaɓi ya cika har baranda.

Likita ya ce a sake tsarin layuka tun daga farko, don baƙin ruwa na tafe, kuma zai tarar da gulbi a cike. Ya miƙo mini bik. Na ce a ba Madam. Madam ta ce ita ba ta san sunan tsibiri ko ɗaya ba, ruwan randa kaɗai ta sani. Ba da gori ta faɗa ba, har ta ɗan yi murmushi. Ta jawo kujera ta ce in zauna, ni in faɗi suna, ita ta tambaya. Kowane gari sai ta ce, "Ka sani, ko gaya maka anka yi?" Mun yi awa huɗu ba mu gama rabi ba. Mun rubuta cewa a kowace tunga a nemi tsohuwa ko tsoho a tambaye su abin da suke gani, a rubuta a kawo biro tare da lambar ma'auni.

Yaya ya ce in na shirya zai kai ni in ga kabarin Inna. Na ce sai aiki ya lafa.

Juma'a, 13 ga Satumba, safe

Jamila ta naɗe tabarmar ƙaramin ɗaki. Na ce ta mayar.

Litinin, 16 ga Satumba, bayan la'asar

Darektan lakwal ya ce yara za su koma aji farkon Oktoba, dole a ba shi ɗakunansa. Don haka mutanen tunga suka aiko a kira ni. Na je da azahar. Na same su a ƙarƙashin dogon yaro, dattawa a gaba, mata a baya, Yaya a gefe yana gyaran koma. Yaran nan biyu da na fara da su suna wasa da murfin bido.

Baba Alassan, wanda ya fi kowa shekaru yanzu, shi ya yi magana. Ya ce sun gode, Allah ya yi albarka, ba don jirginmu ba da ba su san iyakar abin ba. Ya ce ruwa na sauka, ƙasar tunga ta fara fitowa, akwai shinkafar da ta tsira a gefen arewa, kuma kifi ya yi yawa bana. Suna so su koma su tayar da ɗakuna. Amma suna tsoron baƙin ruwa.

"Kai ka san takardu, ɗan Kadija. Yaushe za shi zo, kuma ina za shi tsaya? Abin da ka ce shi za mu yi."

Ba ba'a yake yi ba. Na duba fuskokinsu ɗaya-ɗaya ina neman mai ba'a, ban samu ba. Jira suke, kamar yadda suka jira a wancan karon. Ina da lambobin sati shida a cikin jakata.

Na ce, "Baba, ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Ba wanda ya sani, har waɗanda sunka rubuta takardar. Ruwan da na sani ba shi ne wanga ba. In kun ga abin da bai yi muku ba, ku hau tudu, kada ku tambayi kowa."

Baba Alassan ya gyaɗa kai a hankali, mata suka fara magana ƙasa-ƙasa. Na sunkuya in ɗauki jakata.

Yaya bai ɗago daga komarsa ba. Ya ja zaren ya ƙulla, ya cije ragowar da haƙori. Da Dendanci ya faɗa, ba da ƙarfi ba, ni kaɗai na ji.

"Da haka ka ce mata."

Na ce, "Na'am, Yaya."

Gobe da safe zai kai ni wurinta.